Ku Tambaya: mu da ba ma kaɗa ƙuri'a, me ya haɗa zaɓen gida da karatun 'ya'yanmu?

Assalamu alaikum jama'ar Makka da Jidda da Madina da duk inda ake karanta mu. Saƙonnin wannan karon kusan bakinsu ɗaya, tunda aka fara kaɗa gangar 2027 a gida Najeriya hankalin iyaye ya tashi kan karatun jami'a, toh na zaɓi huɗu, ta farkon ita zan fi daɗewa a kanta don ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina neman shawara. Ni a Jidda nake shekara goma sha tara kenan, da muna Karantina kafin rusau ya tashe mu. Ɗana na fari na tura shi gida wajen ƙanina ya shiga jami'ar gwamnatin tarayya a 2019, karatun shekara huɗu ne amma wallahi sai da ya yi shida, duk wata ina tura hawala daga ɗan abincin da nake saidawa, har na gaji da tambayarsa yaushe zai gama don kar ya ga kamar gori nake masa. Yanzu ƙanwarsa ta gama sakandare, Alhaji ya ce mu dakata sai an yi zaɓe mu ga wanda ya hau tukunna, ni kuma na ce me ya haɗa kifi da kaska, mu da ko ƙuri'ar ba ma yi. Malam waye mai gaskiya a cikinmu? Daga wata uwa a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya raya miki su Ya sa ki ci moriyar wahalarki. A wannan maganar kam kifi da kaska sun haɗu, Alhaji bai yi kuskure ba da ya ce zaɓe na taɓa karatu, inda ban bi shi ba shi ne zaunar da yarinya tana jira, zan zo kan wannan.

Ki fara duba shekara biyun nan da aka ci wa ɗanki. Ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba 2020 ga korona a kai, suka sake tafiya ranar 14 ga Fabrairu 2022 ba su dawo ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Tushen rigimar yarjejeniya ce da gwamnatin tarayya ta ƙulla da su a 2009 zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'adua kan albashi da kuɗin gyaran jami'o'i, Allah Ya yi masa rasuwa a 2010, Jonathan ya gaji maganar, Buhari ya gada, Tinubu ya gada, kwamiti bayan kwamiti, na Babalakin, na Munzali Jibril, na Nimi Briggs, na Yayale Ahmed, kowanne a sake shimfiɗa tabarma a zauna kamar jiya aka fara, yara kuma suna gida suna tsufa.

Kuma ki lura da lokacin da ake samun sulhu. Yajin 2018 an fara shi a Nuwamba aka janye ranar 7 ga Fabrairu 2019, saura 'yan kwanaki a yi zaɓen shugaban ƙasa, kuma ba a rasa dalili ba, hukumar zaɓe malaman jami'a take ɗauka su tattara sakamako, farfesoshin nan da kike gani a talabijin suna karanto ƙuri'un jihohi ai shugabannin jami'o'i ne yawancinsu, ɗalibai da masu bautar ƙasa kuma su ne a rumfuna. Na 2022 kotu ta ba da umarnin a koma, kakakin majalisar wakilai na lokacin Femi Gbajabiamila ya shiga tsakani, zaɓe saura wata huɗu. Yaran na komawa aji kuma aka sake rufe jami'o'in daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris 2023 saboda zaɓen kansa.

Ni abin nan ya taɓa gidanmu. Ɗan ƙanwata yana aji uku lokacin yajin 2022, da zaman ya ishe shi ya bi wani maƙwabcinsu kasuwar waya yana manna gilashi a fuskar waya yana saida caja. Wata rana muna magana ta bidiyo na ce ya nuna min takardunsa in ga ko yana ɗan bita, ya miƙa hannu saman durowa ya jawo wata leda baƙa, da ya buɗe gara ta cinye gefen takardun duka, ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Da aka janye yajin bai koma ba, ya ce Kawu ni yanzu na saba da riƙe kuɗi kuma kaina ya daina ɗauka. Har yau in na tuna ledar nan zuciyata ba ta min daɗi, yaro ne mai ƙwaƙwalwa wallahi.

Toh bayan zaɓe fa? Nan ne abin ya fi shafar aljihunki. Ranar da aka rantsar da Tinubu, 29 ga Mayu 2023, ya ce tallafin mai ya tafi, a Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dalar da take wajen 460 a banki ta haura 1,500 a 2024. Ke da kike samun riyal, riyal kuwa a ɗaure yake da dala a 3.75, kin ga hawalarki ta yi kauri, a 2024 riyal ɗaya ya haura naira 400, amma kafin ki yi murna jami'o'in tarayya da dama sun ninka kuɗin rajista don su ma wuta da dizal sun fi ƙarfinsu, ga kuɗin mota ga na abinci. A Yunin 2023 ɗin dai aka rushe majalisun gudanarwa na jami'o'in tarayya, su ne masu naɗa shugaban jami'a da amincewa da ƙarin girma, aka shafe kusan shekara kafin a naɗa sababbi. Ministan ilimi ma haka, Adamu Adamu ya yi kusan shekara takwas, Tahir Mamman ya zo ya tsaya kan sai ɗan shekara 18 zai shiga jami'a, aka sauke shi a Oktoba 2024, Tunji Alausa ya zo ya mayar da shi 16. Yarinya ɗaya, bara ta yi ƙanƙanta bana ta isa, ba ita ta canza ba kujera ce ta canza.

Akwai kuma buɗe sababbin jami'o'i da ke zuwa daidai da kakar zaɓe. Gab da zaɓen 2011 gwamnatin Jonathan ta kafa tara a lokaci guda, cikinsu akwai Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Lafia da Wukari, a 2013 ta ƙara Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa. Ni ba na cikin masu kushe su, 'ya'yan talakawan Arewa da yawa da ba za su taɓa samun gurbi a Zariya ko Kano ba sun yi digiri a can, amma tukunyar ba a ƙara mata girma ba sai dai masu ci aka ƙara, kason ilimi a kasafin tarayya tun 2016 bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, alhali abin da ƙasashen duniya suka amince a kai shi ne 15 zuwa 20. Sai da kowane ɗan majalisa ya so a kafa masa tasa a mazaɓarsa, har gwamnati da kanta a Agusta 2025 ta ce an dakatar da kafa sababbi na tarayya shekara bakwai.

Abu guda da nake so ki riƙe, don shi ne ya sa na ce kar a jira. In kika shiga kowace jami'ar gwamnati a Najeriya, gine-ginen da suka fi kyau za ki ga an rubuta TETFund a jiki, wato asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati. Wannan asusun doka ce ta kafa shi, asalinsa harajin ilimi na 1993 da ya fito daga gwagwarmayar ASUU lokacin Attahiru Jega na shugabanta, aka sabunta shi a 2011, ana cirar kaso daga ribar kamfanoni kai tsaye, da kashi 2 ne aka kai shi 2.5, a 2023 aka kai shi 3. Soja sun wuce, PDP ta yi shekara goma sha shida ta wuce, APC ta zo, yana nan. Abin da aka ɗaure da doka aka yi masa mashigar kuɗi yana tsallake zaɓe, abin da yake bakin mutum ɗaya kuwa ranar da ya sauka ranar yake kwantawa. Jami'ar da 'yarki za ta shiga tana tsaye ne a kan irin na farkon, ko waye ya ci a 2027 ba za a ɗauke ta ba, jiran kuwa shekara ce za ta tafi a banza sannan kuma sabuwar gwamnati kanta sai ta ci wata shida tana naɗe-naɗe kafin a gane inda ta dosa.

Ki lallaɓa Alhaji cikin girmamawa, ki nuna masa wannan shafin in ya so. Ki tabbata yarinya tana da lambar NIN don ba a rajistar JAMB sai da ita, kuma JAMB ta saba yin jarabawarta a nan Jidda, ki je ƙaramin ofishin jakadanci ki tambayi lokaci. In ta samu gurbi ta duba bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a Mayu 2024, ba ruwa a ciki, ana biyan makaranta kai tsaye a ba ɗalibi naira 20,000 a wata, biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Makarantun gwamnati na cikin gida kaɗai ya shafa, ban da masu zaman kansu ban da na waje.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, shekarata ta uku, tunda na zo ban taɓa ganin an rufe aji don malamai na bin bashi ba, mukafa'a wato alawus ɗin ɗalibi tana shigowa, sakan wato masauki kyauta, tikitin hutu ana ba mu, kuma nan ba a zaɓen shugaba. Abokaina da muka gama sakandare tare har yanzu wasu na aji biyu a gida. Malam anya ba zaɓen nan ne ma matsalarmu ba?

AMSA: Ƙanena Allah Ya ba da ilimi mai amfani, kuma ka gode wa Allah ka gode wa mutanen ƙasar nan, jami'ar da kake ciki tun 1961 take ɗaukar 'ya'yanmu tana ciyar da su tana koyar da su, manyan malamanmu na gida da yawa nan suka sha. Na fahimci abin da ya sa ka faɗi haka, zafin ganin abokanka ne, amma ban yarda da inda ka kai maganar ba.

Abin da ke riƙe da ajinka kuɗi ne da ake warewa a kuma sake su a kan lokaci, ƙasa ce mai arzikin mai da mutanenta ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na Najeriya ba. Kuma nan ma manufa tana juyawa in shugabanci ya juya ko kasuwa ta juya. Sarki Abdullah ya buɗe shirin tura ɗalibai waje a 2005, har aka wayi gari sama da dubu ɗari suna karatu a Amurka da Ingila da sauransu, da ya rasu a Janairu 2015 Sarki Salman ya haɗe ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta ilimi wuri guda, gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 zuwa wajen 30, a 2016 aka tsaurara sharuɗɗan shirin sai manyan jami'o'in duniya. Kaga ba ƙuri'a ko ɗaya a ciki amma an canza.

In kana son ganin ɗaya fuskar, tambayi 'yan uwanmu Hausawan Sudan da kuke sallah tare a Harami, mutanen Mai Wurno da Gadarif da Kassala. Umar al-Bashir da bindiga ya zo a 1989, a 1990 ya shelanta abin da suka kira juyin juya halin ilimi mai zurfi, aka mayar da koyarwa Larabci, aka buɗe jami'o'i a jihohi rututu, aka soke kwana da abinci kyauta da ɗalibai suka saba da shi, ba wanda aka tambaya, kuɗin riƙe su bai biyo baya ba, ƙwararrun malamai da yawa suka tsallako nan Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa neman abinci. An kifar da shi a Afrilu 2019 da alƙawarin zaɓe, soja suka sake juyi a Oktoba 2021, ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke. Jami'ar Khartum da asalinta ke komawa 1902, da Jami'ar Afirka da ta yaye dubban 'ya'yanmu, da ta Jazira a Wad Madani duk sai da karatu ya tsaya cak, jarabawar gama sakandare ta 2023 ba a yi ta ba sai ƙarshen Disamba 2024. Ba rashin sarki mai ƙarfi ya kai su nan ba ƙanena.

A gida ma ai mun ga mulkin soja, su ne suka haramta ASUU a 1988 suka sake a 1992. Abin da zaɓe ke bayarwa duk da lalacewarsa shi ne tsoro, wanda ke kan kujera ya san za a iya tambayarsa. Da aka kai ƙudirin gyaran haraji majalisa a 2024 akwai shirin rage kason TETFund sannu a hankali har ya ƙare a 2030, malamai suka yi ca, jama'a suka yi ca, 'yan majalisar da suka san za su koma gida neman ƙuri'a suka gyara wurin kafin a sa hannu a Yuni 2025. Ka yi karatunka da kyau, in ka koma gida ka zama cikin masu wannan tambayar.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne a Shari'a Mansur nan Makka. Babban ɗana gwamnatin jiharmu ta tura shi Khartum karatun likita, yana shekara ta uku aka canza gwamna kuɗi ya tsaya, makaranta ta hana shi jarabawa, sai da na saida filina na gida na biya. Yanzu an ce ƙaninsa ya samu irin wannan tallafin zai tafi waje, ga zaɓe na zuwa. In bar shi ko in hana?

AMSA: Baba Allah Ya ƙara girma Ya mayar maka da filinka da mafi alheri. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma dole ya ja da baya, tsoronka a kan hanya yake, don tallafin karatu na waje shi ne abin da ya fi komai saurin mutuwa in an canza gwamnati, yawanci ba doka a bayansa, sunan gwamna ne a jikinsa, wanda ya gaje shi kuma ba ya son biyan bashin da wani zai ci yabonsa. Kowa ya ga na Kano, Kwankwaso ya tura ɗalibai ƙasashe da dama tsakanin 2011 da 2015, da aka canza gwamnati shirin ya tsaya aka shiga ce-ce-ku-ce kan bashin makarantun, sai 2023 Abba Kabir Yusuf ya dawo da shi da ɗalibai 1,001. Na tarayya ma bai tsira ba, ɗaliban da ake turawa Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungary a ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa an zaftare musu alawus daga dala 500 zuwa 220 a 2024, a Afrilu 2025 minista ya ce an soke shirin. Ga kuma faɗuwar naira, jihar da ta yi kasafi da naira ta wayi gari kuɗin ba ya sayen ko rabin dalar da aka yi lissafi da ita, ko da gwamnan na da niyya.

Ban ce ka hana shi ba Baba, dama ce kuma ba kullum take zuwa ba. Amma kafin ya hau jirgi a sa wani babba a gida ya je hukumar tallafin karatu ta jihar ya tambaya baki da baki, shekara nawa aka riga aka biya makarantar, kuma a ga rasit ba a ji a baki ba. In digiri na biyu ne na shekara ɗaya ko biyu kuma an biya gaba ɗaya, ya tafi da albarkarka. In likitanci ne na shekara shida da zai ratsa zaɓe har biyu kuma shekarar farko kaɗai aka biya, toh ku zauna da 'yan uwa ku yi lissafin gaskiya, in kuɗi ya tsaya a shekara ta uku wa zai ɗauka, in ba kowa gara ya nemi gurbi a gida, ko tunda kuna da iƙama ya gwada neman minha, wato tallafin karatu na mazauna Saudiyya, a jami'o'in nan, guraben kaɗan ne amma ana samu. In ya tafi kuma, duk ƙarshen shekara ya karɓi kashfu darajat ɗinsa, wato takardar sakamako, da hatimi ya turo maka hoto ka ajiye, yaran da aka kwaso daga Khartum a 2023 waɗanda suka fito da takardun sakamakonsu sun fi samun sauƙin ci gaba a jami'o'in gida, wasu da jaka ɗaya suka gudo ba ko takarda.

TAMBAYA: Malam wai gaskiya ne a 2027 za mu iya zaɓe daga nan a ofishin jakadanci? Wata 'yar uwa daga Misfala.

AMSA: 'Yar uwa a dokar da ake aiki da ita ɗan Najeriya ba ya zaɓe sai a rumfar da ya yi rajista a cikin ƙasar, an sha kai ƙudirin ba mazauna waje dama majalisa bai wuce ba, saboda haka duk wanda ya ce ki ba shi riyal ya yi miki katin zaɓe a nan ki riƙe kuɗinki. Amma kina da 'yan uwa masu kati da kike turawa hawala, in ɗan takara ya zo unguwarsu su tambaye shi me zai yi da yarjejeniyar malamai, kuma tallafin karatun da yake alƙawari zai kai shi majalisa ya zama doka ko a bakinsa zai tsaya. Akwai saƙonni uku da suka shigo kan daidaita shahadar sakandaren Saudiyya da ta gida, in Allah Ya kai mu fitowa ta gaba da su zan fara.